Kwana tara bayan an cire min maƙoƙo

Shekara shida ina ɗauke da maƙoƙo kafin na yarda a yi min aiki, shi ma sai da kwanciya rigingine ta gagare ni, numfashi na sarƙewa. An yi tiyatar a wani asibiti a Birnin Kebbi cikin Afrilu, zafi na kan ganiyarsa. Rabin maƙoƙon aka cire, aka bar 'yar roba a gefen ɗinkin tana tsiyayar da jini. Bayan kwana biyu aka zare ta, aka sallame ni. Likita ya ce yankan wuya ba kasafai yake ruruwa ba, sannan ya jero abubuwan da zan kiyaye. Ni dai maganar rashin ruruwar kawai na riƙe.

Da na koma Jega gida ya cika da 'yan dubiya. Hijabi ba ya barin jikina daga safe har isha'i, gumi ya jiƙa filastar, ta bushe, ta sake jiƙewa. Ga ni da ciwon suga, amma wanda ya taso daga Aliero da lemon kwalba ko fura mai sukari, da wane ido za ki ce masa ba ki sha?

Rana ta biyar gefen hagu na ɗinkin ya yi ja, ya ɗan tasa, in na taɓa sai in ji ɗumi. Innar maigidana ta leƙa ta ce, "Ɗiyata, warkewa ce, bari a shafa man shanu ya yi laushi." Ban musa ba, gaskiya ma na so hakan, don kuɗin mota da layin asibiti sun ishe ni. Rana ta takwas zazzaɓi ya rufe ni, na ce na sauro ne, na aika kemis. Washegari mugunya mai wari ta ɓata min hijabi.

Da na koma asibiti, nas ɗin da ta buɗe wurin ta dube ni ta ce, "Hajiya, wa ya ce ki sa mai?" Ta warware zare biyu, ta matse, ta ɗebi mugunyar a kan tsinken auduga aka kai gwaji don a san wace ƙwayar cuta ce da maganin da zai kashe ta. Na ɗauka za a sake ɗinkewa. Ta ce a'a, ɗinki a kan mugunya kulle ɓarawo ne cikin ɗaki, sai dai naman ya ciko daga ciki. Sugana kuwa ya hau sosai, kuma shi ke raunana garkuwar jiki, ya hana ciwo haɗewa. Mako uku ina zuwa wankin ciwo, ina shan maganin har ya ƙare.

A nan na koyi bambancewa. Ɗan ƙaiƙayi da jin wuyan ya ɗaure ba komai ba ne. Ciwon da ke ƙaruwa bayan kwana uku maimakon ya ragu, da ja mai yaɗuwa, da zazzaɓi, waɗannan na komawa asibiti ne a ranar. In kuwa wuyan ya kumbura farat ɗaya numfashi na wahala, mai yiwuwa jini ne ya taru a ciki, ko cikin dare ne ba a jira gari ya waye.

Tabon ya kwanta yanzu, sai gefen hagun da ya ɗan yi tudu. Inna har yau cewa take man ne bai isa ba.