Garkuwar da na sa tsakanin injina da 'yan kallo

Shekara goma sha ɗaya ina sassaƙa da injin juya katako a shagona da ke Mabera, ƙafafun kujera, taɓarya, akushi, ban taɓa tunanin tsaron kowa ba sai na kaina. Ranar da hankalina ya dawo jikina, wata makaranta ce a nan Sakkwato ta gayyace ni in nuna wa ɗalibai sana'a. Na kafa injin a gindin dogon yaro, yara suka yi min zobe. Na ɗaura guntun maɗaci mai faɗin inci 10 zan yi akushi, na ƙara gudu don aski ya fita sumul su ji daɗin kallo. Ashe akwai tsaga a ciki da ido bai gani. Sai ji na yi kau! Wani ɓangare kamar tafin hannu ya fita, ya wuce ta gefen kunnen wata yarinya, ya lotsa kwanon da ke bayanta.

Malamarsu ta ce, "Malam, wanga abu da ya same ta fa?" Ban iya amsa mata ba. Ni ina sanye da garkuwar fuska, su kuwa ba komai. Abin da ya fi tsaya min a rai shi ne, inda katakon ke juyawa daidai gwiwar hannuna yake, wato daidai fuskar yaro ɗan shekara bakwai ko takwas.

Da dare na zauna na yi lissafi. Injin yana juyi 1,500 a minti, bakin akushin kuwa yana gudun da ya kai kilomita 70 a awa. Masu wannan sana'a suna da ƙa'ida: a ninka faɗin katako a inci da yawan juyi, kada ya wuce 9,000, gara ma ya tsaya kusa da 6,000. Ke nan iyakata juyi 900 ce. Na san ƙa'idar, son burge yara ne ya sa na take ta.

Sai na ƙudura sa garkuwar da ake gani ta cikinta tsakanin injin da 'yan kallo. Gilashi dai ban ko kalle shi ba, shi kansa makami ne in ya fashe. Na fara sayen Perspex, wata roba mai kama da gilashi, wurin masu allon talla, na jingina shi da bango, na maka masa guduma. Ya tsage gida uku, bakinsa kamar wuƙa. Wanda ya dace shi ne polikabonet, irin wanda ake garkuwar 'yan sandan kwantar da tarzoma da shi. A ido kamanninsu ɗaya, don haka kada ka yarda da bakin mai sayarwa, ka nemi ɗan guntu ka gwada. Nawa mai kaurin milimita 6 ne. Guduma ta bar masa tabo kawai.

Mai walda ya yi min firam mai ƙafafu masu faɗi, na ɗora buhun yashi a kansu. Ramukan noti na buɗa su fiye da notin kaɗan, na sa roba, domin zafin Sakkwato yana sa polikabonet buɗewa, in an matse shi sai ya fara tsagewa daga ramin. Na tanƙwara samansa ya rufo kan injin, tunda abin da ya fita ba lallai ya tafi miƙe ba.

Wahalarsa ƙura, musamman da hunturu. Yarona ya taɓa goge shi da busasshen tsumma, ya bar masa zane. Fetur da tina kuwa lalata shi suke yi. Ruwa da sabulu kawai, da ƙyalle mai laushi.

Duk da garkuwar, ba na barin kowa ya tsaya daidai layin da katakon ke juyawa. Ina ja igiya in koma da su gefe. Kowane katako sai na ƙwanƙwasa shi na ji amonsa, in juya shi da hannu, sannan in tada injin a ƙaramin gudu. Babbar riga kuma a ƙusa nake rataye ta.

Bana makarantar ta sake kirana. Yarinyar nan tana sahun gaba, ta manna hanci a jikin garkuwar, ɓarɓashin katako na bugun ɗaya gefen. Akushin da na gama ranar ita na miƙa wa.