Asabar ɗin da aka hana ni shiga kicin

Yanzu ƙarfe 10 da wani abu na dare, ina kwance kan tabarma a tsakar gida don hawa gado ma sai na yi shawara, cinyoyina biyu kamar an daka su a turmi. Bari in rubuta kafin barci ya kwashe ni.

Tun Laraba ƙanena yake damuna a WhatsApp. Shi ne wanda ke zaune a Greensboro can Amurka, garin nan da ƴan Nijar suka yi yawa, ya zo hutun wata ɗaya kuma maimakon turare da agogon da muka saba gani cikin akwati sai ga wasu faranti huɗu masu mariƙi, da ƙwallayen roba ruwan ɗorawa duk huji, da raga mai naɗewa cikin jaka. Wai kayan wani wasa ne, pikilbol. Na ce masa ni shekarata 46, rabona da gudu tun ina buga marakana a Bukoki kafin aure, ya ce Yaya ai can ƴan shekara 70 ma suna yi. Har yanzu ban gane ba lallashi ne ko zagi. Abin da ya sa na yarda dai lokotoro ne, wata biyu ke nan yana ce mini tansiyo ta hau, in rage gishiri in riƙa motsa jiki, ni kuwa motsina daga mota zuwa kujerar biro, daga biro zuwa fada wurin shayi.

Bayan asuba muka fita, hazo ya rufe kogi har ba ka ganin ƙarshen gadar Kennedy sosai, muka tsallaka Harobanda, ƙetaren kogi a nan Yamai. Filin siminti ne na wata lakwal, mai ita abokin ƙanena ne ya ba mu aro tunda Asabar ce. Da awon magina da alli muka zana filin, tsawo mita 13 da santimita 41, faɗi mita 6 da santimita 10, wai daidai da na badminton. Raga kuma gajeriya, santimita 86 a tsakiya, ko ƙuguna ba ta kai ba. Na dube shi na ce wannan ɗan wurin ne za a ce mutum ya yi gumi? Allah ya ji ni.

Ɗiyar yayarmu ta zo da ƙafa daga jami'ar Abdou Moumouni, ita ta riga ta buga sau biyu satin da ya wuce. Na huɗu kuma da ya sauko daga wata tsohuwar moto sai da gabana ya faɗi, Mushe ne, wanda ya koya mana lissafi a kwaleji, ya yi ritaya tuni, kansa fari fat, hannunsa ɗaya riƙe da butar ruwa. Na durƙusa na gaishe shi, ya ce yaro har yanzu kana nan da gaggawarka? Shekara 30 fa, mutumin nan bai manta ba.

Aka raba mu, ni da ƙanena, Mushe da yarinyar. Bugun farko nawa ne, na cilla ƙwallo sama na maka ta daga bisa kai yadda nake gani a tele ƴan tenis suna yi, ta tashi ta haye katanga ta faɗa gidan maƙwabta, muna jin awaki suna watsewa. Ashe daga ƙasa ake buga ta, farantin ƙasa da cibiya, kuma a karkace zuwa ɓangaren da ke kusurwa da naka. Kafin a dawo da ƙwallon yaran kartiye sun hau katanga sun jeru kamar tantabaru.

Doka ta biyu ita ta fi ba ni haushi. In an bugo maka sai ta taɓa ƙasa sau ɗaya, in ka mayar su ma sai sun bari ta taɓa ƙasa, bayan nan ne kowa zai iya tare ta a iska. Ni da na buga sai in ruga gaba in tsaya bakin raga, ƙwallo ta zo in kai mata duka tun tana sama, in juyo ina murna, sai in ga kowa ya tsaya yana kallona. Sau huɗu. A na huɗu yarinyar ta ce Kawu don Allah ka tsaya baya ka ƙirga, ɗaya, biyu, sannan ka taho, tana faɗa tana danne dariya da bakin hijabinta.

Sai kicin. Wani layi ne da aka ja mita 2 da santimita 13 daga raga, ta kowane ɓangare, tsakaninsa da ragar shi ake ce wa kicin, kuma muddin ƙafarka na ciki ko ta taka layin ba ka da ikon dukan ƙwallo a iska, ko da bayan ka buga ne jiki ya kwashe ka ka afka ciki, laifi ne. Wato an yi dokar ne saboda irina, masu son su tsaya kan raga su yi ta narka wa mutane. Duka mafi kyau da na yi yau, wanda har yaran katanga suka yi ihu, Mushe ya nuna ƙasa da yatsa ba tare da ya ce komai ba, na duba, rabin takalmina kan alli.

Ƙirgar maki kuma wata jarrabawa ce. Lamba uku ake faɗa kafin kowane bugu, makinku, makinsu, sannan ko kai ne mai bugu na ɗaya ko na biyu a ɓangarenku, kuma ana farawa da sifili, sifili, biyu. Ba ka samun maki sai in bugu na hannunku. Ƙanena yana ƙirgawa da Ingilishi, Mushe da Faransanci, ni ina ƙirgawa cikin zuciya da Hausa ina ɓata. Wasa 11 ne, da tazarar biyu. Sun ci mu 11 da 2, suka sake 11 da 4.

Gaskiya a nan na so in tafi. Na ma ciro salula na kara a kunne kamar ana kirana. A biro ni ake ce wa shef, na manta rabon da wani ya ce mini ba haka ake yi ba, in ma na yi kuskure sai a zagaya a gyara a ce injin ne. Yau cikin awa ɗaya an gyara mini ya fi sau 20, gaban yaran da ba su fi in aike su sayen sikari ba, wani daga cikinsu har yana cewa tsoho ya gaji. Kunnuwana zafi suke. Na zauna kan dakali ina shan ruwan leda, ƙanena yana ba mu tarihi ba wanda ya tambaye shi, wai a 1965 aka ƙirƙiro wasan a tsibirin Bainbridge kusa da Siyatil, magidanta uku, Joel Pritchard da Bill Bell da Barney McCallum, yara sun ishe su da cewa ba abin yi, suka haɗa ragar badminton da farantan pinpon da ƙwallon roba. Mushe ya ce to kamar langa ke nan, rashin kayan wasa ne ya haife shi.

Zagaye na uku Mushe ya ce a ba shi ni. Iskar hunturu ta fara tashi, ƙwallon kuma ba nauyi, huji 40 gare ta, in ka ɗaga ta sama iska ta kai ta inda ta ga dama. Ya matso kusa da ni ya ce yaro, ba gaba kuke da ita ba, miƙa ta kawai, kamar kana miƙa wa surukinka kofin shayi. Na lura shi tun safe bai yi gudu ba ko sau ɗaya, hannun ɗan petank gare shi, wasan nan na jifa da ƙwallayen ƙarfe, yana tsaye bayan layin kicin yana ɗan taɓa ta, ta haye raga da ƙyar ta faɗi gaban ƙafar mutum, dole ka sunkuya ka ɗago ta, da ka ɗago ta sama kuma ya gama da kai.

Na gwada. Ta farko ta shiga raga, ta biyu ma. Ta uku ta haye, ƙanena ya mayar a hankali, na sake miƙawa, yarinyar ta mayar, tak, tak, tak, har sau bakwai ko takwas ba wanda ya yi duka, katanga ta yi tsit, ni kaina numfashi na riƙe, sai ƙanena ya ƙosa ya maka ta da ƙarfi ta fita waje. Wallahi ihun da na yi ko ranar da aka ƙara mini girma ban yi shi ba. Mun sha kashi dai, 11 da 8, amma Mushe ya dafa kafaɗata ya ce da sauƙi, wanda a aji kalmar nan sai mai 14 bisa 20 yake jin ta.

A hanyar dawowa muka tsaya muka ci dambu da kopto, na ce a rage mini yaji da gishiri saboda lokotoro, sannan na ƙara faranti na biyu.

Ciwon bai zo ba sai la'asar. A sallar isha ruku'u ya zama aiki, tasowa daga sujada sai da na dafa bango. Na ba uwargida labarin duka tana shafa mini man zafi a gwiwa, da na zo kan dokar kicin sai ta dakata ta ce ikon Allah, shekara 17 ina neman ka leƙo kicin ka ƙi, yau an hana ka shiga kana kutsawa.

Ƙanena saura sati biyu ya koma. Ɗazu na tura masa saƙo na ce kayan nan nauyi za su yi masa a jirgi, ya bar su wurina in ajiye masa. Ya karanta tun ƙarfe 9, alamar ta yi shuɗi, har yanzu bai ba ni amsa ba.