Inda Na Kai a Renon Madobiya da Maɗaci

'Yan uwa masu koyon renon itatuwa, a daminar bana na mayar da hankali ga madobiya da maɗaci, kuma sanin dangin kowannensu ya sauƙaƙa mini aiki ƙwarai.

Madobiya, wadda masana tsirrai ke kira Pterocarpus erinaceus, tana cikin dangin wake, wato Fabaceae, tare da ɗorawa da tsamiya. Kwansonta zagaye ne mai fiffike, da tsinin ƙayoyi a tsakiya, saboda haka nakan fasa shi in fitar da ƙwayar in jiƙa ta kafin shuka. Da na zo sauya wa tsiron leda, na ga ƙananan ƙulli a jikin saiwar irin na gyaɗa, waɗanda ke ƙara wa ƙasa ƙarfi. Shi kuwa maɗaci, Khaya senegalensis, ɗan dangin darbejiya ne, wato Meliaceae. Irinsa ba ya buƙatar jiƙo, amma ba ya jure ajiya. Da zarar kwanson ya tsage gida huɗu, gara a shuka shi nan take.

Abin da ya fi damuna shi ne halin da suke ciki a daji. Ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, ta sanya maɗaci cikin rukunin masu rauni tun 1998, duk da cewa muna ganinsa jere a bakin tituna, domin ana saran manyansa don katako, ana kuma ɓare ɓawonsa don magani har itacen ya bushe. Lamarin madobiya ya fi tsanani, don a 2018 an sanya ta mataki ɗaya sama, cikin masu fuskantar haɗarin ƙarewa. Masu fataucin katako, waɗanda ke kiranta kosso, sun kwashe gungumenta daga dazuzzukan Taraba da sauran sassan Afirka ta Yamma zuwa ƙasar Sin don ƙera kujerun alfarma, alhali makiyaya sun dogara da ganyenta a lokacin rani. Yarjejeniyar CITES, mai kula da cinikin tsirrai da namun daji tsakanin ƙasashe, ta sanya madobiya a Rataye na Biyu, wato jerin waɗanda ake sa ido kan cinikinsu, daga 2017, maɗaci kuma ya biyo baya a 2023.

Saboda haka na yanke shawarar ba madobiya mafi yawan ledojin da nake da su, ko da yake girmanta yana da jinkiri. Wanda ke da ita a yankinsa, ina roƙonsa ya tattara busassun kwansonta a ƙarshen rani, daga itatuwa daban-daban, domin mu yi musayar iri kafin damina mai zuwa.