Tazarar da ke tsakanin fetur da kananzir

Muna yara a Kaduna, in dare ya yi mukan hango wutar da ke ci a saman bututun matatar mai, can kudu da gari. Kawuna ya yi aiki a wurin, kuma shi ya fara gaya mini cewa fetur da kananzir da man dizal duk tukunya ɗaya suka fito. Da na ɗauka kowanne da rijiyarsa.

Ɗanyen man da ake turo wa matatar a wancan lokacin ta bututu daga yankin Warri baƙi ne, mai kauri. Sai a dafa shi a tanderu har zafinsa ya kai wajen digiri 350, ya koma tururi, a sake shi cikin wata doguwar hasumiyar ƙarfe mai hawa-hawa. Gindinta zafi, ƙolinta sanyi-sanyi. Tururin na hawa yana hucewa, kowane iri kuma yana da hawan da yake komawa ruwa a kwashe shi. Gas ɗin girki ne ke kaiwa ƙololuwa, sai wanda ake yin fetur da shi, ƙasa da shi kananzir, sannan dizal. Abin da ya ƙi tashi ya kwanta a gindi, daga nan ake samo baƙin mai da kwaltar titi.

Hawa ɗaya ke raba fetur da kananzir, amma halinsu ya sha bamban. Kananzir sai ya ɗumama zuwa wajen digiri 38 kafin tururinsa ya kama wuta, shi ya sa yake zaune lafiya a cikin fitilar ƙwai da risho. Fetur kuwa ko da sanyin hunturu tururinsa na tashi, ƙyastawar ashana kawai yake jira.

Wannan ne ke ƙona mini rai. Tunda kananzir ya fi fetur tsada, wasu marasa tsoron Allah suke sirka shi da fetur su sayar a kwalba. Abin da matatar mai ta sha wahala ta raba, su mayar da shi wuri ɗaya saboda 'yar riba. Shekarun baya maƙwabciyarmu ta sayo irinsa, tana ƙara wa fitila mai bayan magariba abin ya tashi da ita. Ta rayu, alhamdu lillahi, amma har yau hannunta na dama ba ya miƙewa sosai, kuma ba ta yarda a kunna fitila a ɗakinta.