Nufin Allah da Ka Riga Ka Sani

Yawancin masu bi da ke cewa suna neman nufin Allah a kan wani al'amari, in aka zauna da su aka bi maganar dalla-dalla, sai a tarar akwai abin da suka riga suka sani amma ba su yi ba. Mutum zai yi azumin kwana uku yana roƙon Allah ya nuna masa ko ya karɓi sabon aiki, alhali akwai ɗan'uwansa a ikilisiya da suka shekara ba sa ga maciji. Maganar aikin, Littafi Mai Tsarki bai ambace ta kai tsaye ba. Ta ɗan'uwan kuwa a rubuce take a Matiyu 5:23-24: ka ajiye baikonka a gaban bagade, ka je ku shirya tukuna, sa'an nan ka dawo ka miƙa.

Shi ya sa miƙa wuya ke farawa da rarrabewa. Ɗauki takarda, ka ja layi a tsakiya. A gefe ɗaya ka rubuta abin da Maganar Allah ta riga ta yanke: bashin da ka ƙi biya alhali kana da hali, ƙaryar da ka yi wa matarka, gafarar da ka hana wani, kayan mutane da ke hannunka. A ɗaya gefen ka rubuta abin da ba ta yanke ba: wa za ka aura a cikin masu bi, wane aiki, wane gari. Gefen farko ba ya bukatar azumi ko mafarki, rana da lokaci yake bukata. Rubuta sunan mutumin, da ranar da za ka je, da abin da za ka faɗa ko ka mayar. Zakka, shugaban masu karɓar haraji da Yesu ya sauka a gidansa, bai ce zai yi tunani ba. A tsaye, a gaban jama'a, ya faɗi adadi: rabin dukiyarsa ga matalauta, ninki huɗu ga duk wanda ya zalunta (Luka 19:8). “Zan yi in na sami sarari” na iya cin shekara goma.

Sai addu'ar kanta. Da yawa kan yi saurin cewa “nufinka za a yi” tun ba su faɗa wa Allah nasu nufin ba, kamar faɗinsa rashin ladabi ne. A Gatsemani Yesu bai yi haka ba. Ya fara da abin da yake so, a ɗauke masa ƙoƙon, wato wahalar da ke gabansa, sa'an nan ya ce ba nufinsa ba, na Uba za a yi. Matiyu 26 ya nuna sau uku ya koma yana wannan addu'a, kuma ya gaya wa Bitrus da 'ya'yan Zabadi biyu cewa ransa na shan wahala har ya kai ga mutuwa. Abin da ba ka ambata ba, ba za ka iya miƙa shi ba. Ka ce, “Ya Uba, ina son wannan auren, ina tsoron in rasa shi.” Daga nan ne miƙawa ke da ma'ana. In kuma gobe zuciyar ta sake ƙwace abin, ka sake miƙawa, ba alamar ka faɗi ba ce. Bulus ma sau uku ya roƙa a cire masa wata wahala da ya kira ƙaya a jikinsa, aka amsa masa da cewa alherin Ubangiji ya ishe shi.

Ta yaya za ka gane ko da gaske ka miƙa? Irmiya 42 da 43 ne ma'auni mafi kaifi, ga shi ba a cika wa'azi a kansa ba. Bayan faɗuwar Urushalima, ragowar mutanen Yahuza suka zo wurin Irmiya suka ce ya roƙa musu Allah, suka rantse za su bi amsar ko mai daɗi ce ko marar daɗi. Bayan kwana goma amsa ta zo: su zauna a ƙasar, kada su tafi Masar. Nan take suka ce ƙarya yake yi, suka kama hanyar Masar, har suka tafi da annabin. Tun kafin addu'ar sun gama shawara, hatimi kawai suke nema. To, kafin ka durƙusa, tambayi kanka amsar da ba ka so ka ji, ka faɗe ta da bakinka, ka kuma tsara abin da za ka yi in ita ce ta zo. In ka kasa ko tunaninta, ba ka miƙa ba tukuna. A kan wannan ya kamata ka dage da addu'a.

Wata matsalar ita ce rabin biyayya, wadda ta fi ƙin biyayya ruɗi domin mai ita yana jin ya yi. Sarki Saul ya tarye annabi Sama'ila da albishir cewa ya cika umarnin Ubangiji na hallaka Amalekawa da dabbobinsu duka, annabin ya tambaye shi kukan tumaki da shanun da yake ji na mene ne. Saul ya bar Agag, sarkin Amalekawa, da rai, ya keɓe mafi kyau na dabbobin, ya ce don hadaya ne. Da aka matsa masa sai ainihin dalilin ya fito a 1 Sama'ila 15:24: tsoron jama'a. Duba abin da ka bari a baya, ka kuma duba dalilin ibada da ka lulluɓe shi da shi. Wanda ya riƙe kuɗin wani yana cewa zai ba da zakka daga ciki, tafarkin Saul yake bi.

Akwai kuma kuskure biyu da ke shigowa da rigar tawali'u. Ɗaya shi ne naɗe hannu a ce “haka Allah ya so” ga abin da za a iya gyarawa, kamar ƙin zuwa asibiti, ko matar da ake duka a ce mata ta yi shiru wai biyayya ce. Ɗayan shi ne mai da muryar shugaba muryar Allah. Ibraniyawa 13:17 ya ce a yi wa shugabannin ikilisiya biyayya, gaskiya ne, amma manzanni sun tsaya a gaban majalisa suka ce wajibi ne a bi Allah fiye da mutane (Ayyukan Manzanni 5:29). Fasto ko dattijon da ya umarce ka da abin da Nassi ya hana, ko ya hana ka bincika maganarsa da Nassi, ya wuce gona da iri.

Shi kuwa gefe na biyu na takardar, ba a zama jiran murya daga sama. Ka yi addu'a, ka nemi shawarar masu bi biyu ko uku da ba za su faɗa maka abin da kake so kawai ba, ka zaɓa, ka tashi. Kada dai ka ɗauki buɗewar ƙofa a matsayin hujja: Yunusa ya sami jirgin Tarshish yana jira a Yafa, ga kuɗin jirgi a hannunsa, alhali Nineba aka aike shi. Bulus da abokansa kuwa suna kan tafiya Ruhu Mai Tsarki ya hana su wa'azi a Asiya, suka nufi Bitiniya aka sake hana su, suka gangara Taruwasa. A can ne, da dare, kiran zuwa Makidoniya ya zo wa Bulus cikin wahayi.