Fatsar brook trout a ƙoramun Shenandoah

Duk wanda ke zaune wajen Virginia ko Maryland a Amurka kuma yana son fatsa, don Allah ya daure ya hau duwatsun Shenandoah ko sau ɗaya ne. Ni kogin Rapidan nake zuwa, can sama inda bai wuce 'yar ƙorama ba, kusa da sansanin da shugaba Herbert Hoover ya gina a 1929, shi ma kifin nan ne ya kai shi.

Brook trout ɗan asalin wurin ne fa, ba kawo shi aka yi ba, danginsa brown trout ne aka kawo Amurka daga Jamus a 1883, rainbow kuma daga yammacin ƙasar. Ƙarami ne, yawanci taƙi ɗaya ko ya ɗan gota, amma wallahi in ka riƙe shi sai ka yi tasbihi, bayansa kore mai duhu da zane a murmurɗe, gefensa ɗigo-ɗigo ja kowanne da zoben shuɗi, ƙegen cikinsa da farin baki tas kamar an yi masa dajiya.

Babban abin da na koya shi ne sanɗa ta fi iya jifa. Kifin yana fuskantar inda ruwa ke zuwa ne yana jiran ƙwari, to sai ka taho ta bayansa, daga ƙasa kana hawa, a duƙe, wani wurin ma da rarrafe kana fakewa da dutse, domin da inuwarka ta faɗa ruwan shi ke nan ya shige ƙarƙashin dutse sai dai ka yi gaba. Jifa biyu uku a gurbi ɗaya ya isa. In zai ci nan take yake ci, kuma fizge ɗaya ne, in ba ka ɗaga sanda ba ya tofar.

Sa tana a ƙugiya haramun ne a dokar gandun dajin Shenandoah, sai abin yaudara na bogi mai ƙugiya ɗaya, irin su ƙwaron bogi da ake ɗaurawa da gashin tsuntsu da zare, kuma dole da lasisin jiha. A Rapidan sakinsa ake yi. Nakan matse ƙayar ƙugiyar da filaya ta fita da sauƙi, in jiƙa hannu kafin in taɓa shi saboda yauƙin jikinsa shi ke kare shi daga cuta.

Abin da ke damuna shi ne ruwan. Kifin nan sai sanyi, da zafin ruwa ya haura digiri 20 na Celsius wahala yake sha, ga itatuwan hemlock da ke yi wa ƙoramun inuwa wani ɗan ƙwaro daga Asiya ya kashe da yawa. Shi ya sa nake yawo da ma'aunin zafi a aljihu, in Agusta ta yi ruwa ya ja baya ya yi ɗumi sai in haƙura. Oktoba da Nuwamba kuma lokacin ƙwai ne, in ka ga tsakuwa ta yi fes a bakin gurbi macen ce ta share da wutsiya ta zuba, ka bi ta kan duwatsu kar ka taka.