Yadda na haɗa kwamfutar gem ɗina ta farko da hannuna

Tun lokacin da muke zuwa gidan gem na unguwarmu muna biya ana ba mu minti goma-goma a PES nake da burin in mallaki tawa, kuma kwamfuta nake so ba PlayStation ba, saboda da rana ina ɗan aikin zanen katin biki da fosta, da daddare kuma in buga ƙwallo. Laftof ɗin da nake da ita ta hannu ce, da na buɗe gem sai fankarta ta kama kuka, ƙasanta ya ɗau zafi, hoto ya dinga tsayawa daidai lokacin da zan buga shot. Sai da na yi sama da shekara ina tara kuɗi kafin na fara sayen kaya a farkon 2024, kuma duk wanda ya sayi abin da ake shigowa da shi a lokacin ya san halin da aka shiga, dala ta haura naira 1,500, farashin da aka faɗa maka da safe ba shi za ka tarar da yamma ba.

Yayana ne ya fara cewa in sayi haɗaɗɗiya kawai in huta. "Kai yanzu in ka ƙona abu ɗaya wa zai biya ka?" Na ce Yaya ai haɗaɗɗun da na gani a kasuwa, waje fitilu kala-kala, amma in ka tambayi wace fawa saflai ce a ciki, wato akwatin da ke raba wa kayan ciki wuta, sai a kawar da zancen. Ya ce to Allah ya taimaka, ya ƙara min wani abu a kai.

Furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfutar, ba ta ba ni wahalar zaɓe ba. Kamfanin AMD sun fitar da sabon soket AM5 a 2022, wato mazaunin furosesa, amma shi sai da ram DDR5 (ram shi ne ma'ajiyar da kwamfuta ke riƙe aikin da take yi a lokacin), madabod ɗinsa ma tsada, wato babban allon da ake jona komai a kai, aljihuna bai kai nan ba. Na tsaya a tsohon soket AM4 na ɗauki Ryzen 5 5600, wat 65 take ci, kuma tana zuwa da fankarta a cikin kwali, wato an rage min kuɗin sayen abin sanyaya ta. Madabod na so in ɗauki B450 don ta fi araha, sai na gano cewa waɗanda suka daɗe a shago ba sa gane Ryzen 5000 sai an sabunta musu BIOS, wato manhajar da ke cikin madabod ɗin, ni kuma ba ni da wata tsohuwar furosesa da zan yi hakan da ita, shi ya sa na ƙara kuɗi na sayi B550 wadda aka rubuta a jikin kwalinta cewa tana ɗaukar 5000 kai tsaye. Ram gig 16, guda biyu 8 da 8, DDR4 3200. Wani ya so ya sayar min da guda ɗaya mai 16 yana cewa duk ɗaya ne, ba ɗaya ba ne, guda biyu suna aiki ta hanya biyu a lokaci guda kuma Ryzen tana son hakan sosai. SSD kuma, wato ma'ajiyar fayiloli, NVMe mai tera 1, don gem ɗin yanzu ɗaya kawai sai ya cinye gig 100. Duk na jera su a PCPartPicker, shafin da ke duba ko kayan sun dace da juna, na ga babu wanda ya yi faɗa da wani, sannan na fara fitar da kuɗi.

Katin girafik, wanda ke fitar da hoton gem a allo, shi ne ya hana ni barci. Nan ne rabin kuɗin yake tafiya kuma nan ne aka fi cutar mutane. Bayan Ethereum, wani kuɗin intanet, ta daina amfani da katin girafik wajen haƙo kuɗi a watan Satumba 2022, katunan da suka yi shekaru suna aiki dare da rana ba hutu suka cika kasuwannin duniya, namu ma sun samu rabonsu, musamman RX 580 mai gig 8, za ka gan shi an wanke shi fes an saka a sabon kwali da farashi mai daɗi. Ba na cewa duk na hannu lalatacce ne, ni ma na hannun na saya a ƙarshe, amma sai da na gwada. Na farkon da aka nuna min na ce a jona shi a kwamfutar shagon, na saka FurMark, manhajar gwada ƙarfin kati, daga filashina, ko minti biyar bai yi ba zafinsa ya haura 90, fanka ɗaya tana ƙara kamar ana niƙa, sai wasu ɗigo-ɗigon kore suka fito a allo. Mai shagon ya ce zafin gari ne. Na yi masa godiya na fita. Bayan sati biyu na samu RX 6600 mai gig 8 a wurin wani, shi da kansa ya ce Malam zauna ka gwada iya son ranka, na bar shi minti 20 yana aiki, na buɗe manhajar GPU-Z na tabbatar sunan da ke jikin kwali shi ne a cikin katin, na duba kusoshin bayansa ban ga alamar an taɓa kwance shi ba. Na so RTX 3060 saboda gig 12 ɗinsa, amma banda tsada yana cin wat 170, shi kuwa 6600 wat 132 ne, kuma wanda yake zaune da janareta ya san ma'anar wannan bambancin.

Abin da na fi daɗewa ina tunani a kai, wanda bidiyoyin YouTube na Turawa ba sa damuwa da shi, shi ne wuta. Su wutarsu a tsaye take. Mu kuma NEPA za ta kawo ta da ƙarfi, ta rage ta har kwan fitila ya koma ja, ta ɗauke, ta dawo bayan minti biyu. Wani abokina ya haɗa tasa da fawa saflai marar suna wadda ta zo kyauta da kes, wato akwatin kwamfutar, an rubuta wat 700 a jiki amma in ka ɗaga ta ba ta da nauyin komai, wata rana aka dawo da wuta ya ji ƙauri, ta tafi da madabod da katin gaba ɗaya. Na ga yadda ya zauna ya yi shiru ranar, kuɗin shekara ne ya ƙone a gabansa. Saboda haka na cire kuɗin da na ware wa kibod mai fitila da babban monita na zuba a fawa saflai sabuwa dal mai wat 650 da hatimin 80 Plus Bronze daga kamfanin da aka sani, ita kaɗai ce na ce ko kyauta aka ba ni ta hannu ba na so. Na haɗa da sitabilaiza da UPS. UPS ɗin ba don in ci gaba da gem ba ne in an ɗauke wuta, mintuna kaɗan yake ba ni in ajiye aiki in kashe ta cikin mutunci.

Kes kuma na zaɓi mai raga a gaba da matatar ƙura da ake cirewa a wanke, ba mai gilashi a gaba ba. Gilashin yana da kyau a hoto amma a Kano watan Afrilu zafi yana kai 40, in iska ba ta shiga to ka rufe kayanka a tanda ne.

Ranar haɗawa Asabar ce, da hunturu, na shimfiɗa komai a kan teburin katako, na cire rigar sanyi saboda a bushewar iskar nan mutum yana taɓa ƙofar ƙarfe ya ji ta ja shi, wannan 'yar wutar jikin tana iya lalata kaya, don haka kowane lokaci sai na taɓa ƙarfen kes kafin in ɗauki wani abu. Na ɗora madabod a kan kwalinta, na ɗaga ɗan ƙarfen soket. A AM4 allurai a jikin furosesa suke, sama da dubu, sirara kamar gashi, hannuna har rawa yake. Akwai ɗan alama mai kusurwa uku ruwan zinare a gefe ɗaya, ka daidaita shi da na soket ka sake ta, da kanta take faɗawa, in ba ta faɗa ba kar ka danna. Fankar ta zo da man shafawarta a jiki, sai dai sai na kwance robobi biyu da ke kan madabod kafin kusoshinta huɗu su shiga, na dinga ɗaure su kaɗan-kaɗan a gicciye. Ram a rami na biyu da na huɗu kamar yadda littafin ya nuna, sai ka ji ƙas a kowane gefe. Littafin madabod ɗin nan da mutane ke jefarwa shi ya fi komai amfani ranar, musamman wurin 'yan ƙananan wayoyin maɓallin kunnawa da fitilar gaba, sai da ƙanena ya haska min tocilan waya na kusa rabin awa a kansu.

Bayan la'asar na gama, na yi bismillah na danna. Fankoki suka juya, fitila ta kama, allo baƙi ƙirin. Na kashe na kunna, haka. Na cire ram na mayar, haka. Gabana ya faɗi sosai, tunanina ya tafi kan alluran furosesa da maganar Yaya. Na yi magariba na dawo na kira wani mai gyaran kwamfuta da muke mutunci na yi masa bayani, ya saurara har na gama sannan ya ce, "Wayar HDMI ɗin a ina ka soka ta, sama ko ƙasa?" A madabod na soka ta. Ita 5600 ba ta da girafik a cikinta, mai G a ƙarshe wato 5600G ce take da shi, ramin HDMI na madabod ɗin a wurina ba ya fitar da komai. Na sauko da wayar zuwa katin, tambarin madabod ya fito a allo, ƙanena ya yi kabbara har Umma ta leƙo tana tambayar lafiya.

Na saka Windows 11 daga filashi mai gig 8, na sauke direban katin daga shafin AMD da datar dare. Sai da na yi kusan wata ɗaya ina amfani da ita kafin na lura ram ɗina a 2133 yake gudu, ba 3200 da na biya kuɗinsa ba, ashe sai ka shiga BIOS ka kunna XMP da kanka, wato saitin da ke sa ram ya yi cikakken gudunsa, a madabod ɗin ASUS kuma DOCP suke kiransa. Danna abu ɗaya ne, kuma na ga bambanci a GTA V wurin da motoci suka yi yawa.

Wani kuskuren kuma ƙura ce. Na ajiye kwamfutar a ƙasa kusa da taga, cikin sati uku matatar gaba ta toshe ta koma ruwan ƙasa, zafin katin ya ƙaru. Na ɗaga ta kan tebur, duk sati biyu ina cire matatar in wanke ta bushe, ciki kuma in hura da ƙaramin abin hura iska ina riƙe da fankoki da yatsa don kar su yi ta juyawa a banza. In ba na amfani da ita ina rufe ta da zani bayan ta huce, in kuma hadari ya taso da tsawa ina zare ta daga soket gaba ɗaya.

Yanzu eFootball da FC 24 suna tafiya lafiya lau a 1080p, monitan dai har yau tsohon nan ne mai 60Hz da na saya na hannu, shi nake tara wa kuɗi, ina son mai 144. Yaya yana zuwa duk Juma'a da daddare mu buga, shi Madrid ni Barcelona, kuma makon jiya ya turo min jerin kayan da yake son in duba masa, na ga ya saka fawa saflai ɗin da ke zuwa kyauta da kes, na goge ta na rubuta masa irin tawa.